Tsirkiya Ɗaya Ta Ishi Mai Himma

A ƙasar Hausa kowane mai ji da kansa yana da makaɗinsa. Sarakuna suna da irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. 'Yan dambe suna da Ɗan Anace. Mahauta na da kalangu, manoma na da gangar noma ranar gayya. Amma da motoci suka cika hanyoyi, birane suka batse da baƙi masu neman abinci, sai ga wasu sababbin ma'aikata da ba su gaji kiɗa ba, ba su kuma da mai ambaton su: yaran mota, leburori, 'yan dako, 'yan ga-ruwa. A more su da safe, a manta da su da yamma. Cikin waɗanda suka tsaya suka ce talaka ma ya isa a yi masa waƙa, babu kamar Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos. Ku da kuke fita tun kiran assalatu ba ku dawowa sai bayan isha, labarin nan naku ne.

An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, kudu kaɗan da Jos, garin da kuza ta raya. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ramukan haƙa a saman duwatsun Filato, mutane suka yi ta kwarara daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno, wannan da diga, wancan da shebur, wani da kwanon sarki a ka. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, har da ƙarfin tsiya aka riƙa ɗebo mutane daga ƙauyuka ana kai su haƙa cikin sanyin da ba su saba da shi ba, kuma da yawa ba su koma gida ba. Yaron da ya buɗe ido a irin wannan gari ba sai an ba shi labarin gumi ba, yana ganin sa kullum a goshin maƙwabta.

Mahaifinsa makaɗin sarki ne a Bukuru. Ya rasu Adamu yana jariri, ba a jima ba mahaifiyar ma ta bi shi. Sarkin da uban ke yi wa kiɗa shi ya ɗauki yaron ya riƙe, daga nan kuma laƙabin da duniya ta san shi da shi ya samo asali. In da akwai wanda yake da hujjar naɗe hannu ya ce duniya ta juya masa baya tun daga shimfiɗa, to shi ne. Bai naɗe ba.

Yana ɗan yaro, bai ko gama tasawa ba, tafiya ta kai shi Maiduguri, kusan kilomita 600 daga gida. Can ya ga wasu makaɗa, kiɗansu ya shiga ransa, ya zauna ya haɗa kuntiginsa da hannunsa. Ku dubi abin da ake kira kuntigi: gwangwanin kifi, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka ɗan itace, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Iyakar kayan aikin ke nan. Rabinsu yaro zai iya tsinta a bayan kasuwa. Da wannan ya fara, da shi ya yi suna, da shi ya tsufa. Hausawa sun gama magana da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai kada wani ya ɗauka ƙanƙantar kayan aiki sauƙin aiki ce. Mamman Shata yana tafe da makaɗan kalangu da 'yan amshi. Makaɗan fada suna da kotso ko taushi, ga jama'a a bayansu suna karɓa. Shi kuwa Ɗan Maraya shi ne mai kiɗa, shi ne mai tsara waƙa, shi ne mai rerawa, shi ne amshin kansa. In murya ta shaƙe babu mai rufa masa asiri. In baiti ya kuɓuce babu wanda zai riƙe masa waƙa ya numfasa ya tuno. Wanda yake da tsirkiya ɗaya ba shi da inda zai ɓoye kuskure, don haka dole yatsunsa su san ta ciki da bai, har ta kai in an ji ƙararta daga rediyon mai shayi, tun bai buɗe baki ba kowa ya san wane ne.

To ina tela mai keken ɗinki guda? Ina mai faci da ba shi da komai sai famfo da ɗan akwati? Ina uwar marayu mai kaskon ƙosai a bakin titi? Abin da ya fi kashe zuciyar mai sana'a a yau shi ne “sai na sami jari”. Shekara ta zo ta wuce ana jiran jari, hannu yana mutuwa, masu ciniki suna komawa wurin wani. Jari yana da daɗi, babu mai musun haka, kuma Allah Ya hore wa kowa. Amma ƙwarewa ba ta jiran jari. Ɗinkin da ba ya warwarewa, facin da ba ya saki a tsakiyar daji, ƙosan da ake tsallake kasko uku a zo a saya, waɗannan su ne suke kiran jari, ba shi yake kiran su ba. Ku riƙe abin da ke hannunku ku iya shi, har a riƙa kwatance da ku.

Waƙar da ta fara fito da Ɗan Maraya ita ce ta Karen Mota, wato yaron mota. Ku tuna zamanin. Mawaƙi mai neman abin duniya ya san inda ake samu: ƙofar sarki, zauren attajiri, gidan ɗan siyasa. Wannan yaro ya bar su duka ya nufi tasha, ya zaɓi wanda ya fi kowa ƙura a jiki. Wanda bai taɓa bin babbar mota ba bai san aikin yaron mota ba. Shi ke loda kaya, ya ja igiya, ya rufa tamfol. Shi ke kiran fasinja har muryarsa ta dushe. In an zo hawa irin na Hawan Kibo mota ta fara ja da baya, shi ke dirowa da gudu ya sa waigi, ran mutum talatin yana hannunsa. In taya ta fashe da tsakar dare shi ke kwanciya a ƙasa da jak. Shi ke neman ruwan lagireto a rafi, shi ke turi in batir ya mutu. An isa masauki direba ya sami ɗaki, shi kuwa ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kayan mutane. Da gari ya waye, a gode wa direba, a yaba wa mai mota.

Ɗan Maraya ya ga wannan duka ya mai da shi waƙa, ƙasa ta ɗauka. Yaron da a da ake daka wa tsawa ya ji ana ambaton aikinsa a rediyo, ya ɗaga kai. Kuma tarihin tashoshinmu ya gaskata mawaƙin, domin a kowace babbar tasha za a nuna maka masu motoci da shugabannin direbobi waɗanda da waigi suka fara. Daga bayan mota aka koma gefen direba, daga nan aka karɓi sitiyari, wata rana aka sayi ta kai. Ba dare ɗaya ba ne, amma hanya ce da ƙafafu suka riga suka taka.

Shi kansa ɗan hanya ne, shi ya sa ya san su. Rayuwar makaɗi mai yawo a wancan zamani ba ta da bambanci da ta ɗan ci-rani. A hau bayan gingimari a zauna kan buhuna, a sha ƙura da rani, a sha ruwa da damina. Inda dare ya yi nan ne gida: rumfar kasuwa, zauren wani, benci a tasha. Babu albashi, babu fansho, abin da aka liƙa maka yau shi ne abincin gobe. Wani gari a karɓe ka hannu bibbiyu, wani gari ka yi ta kiɗa babu mai waiwaye. In iska ta yi laima fatar kuntigi ta saki, sai an nuna mata wuta ko rana kafin ta dawo da murya. Ga kuma raini, domin jama'armu suna son kiɗa amma suna ƙyamar makaɗi, su yi rawa da waƙarsa su hana shi 'yarsu. Duk wanda ya taɓa barin garinsu da 'yar jaka ya tafi Legas ko Fatakwal ko Kumasi neman na kansa ya san wannan ɗaci. Ku sani ba ku kaɗai kuka sha shi ba, kuma bai hana wanda ya gabace ku isa ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sannu a hankali hanyar ta buɗe. Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba, faifai da kaset suka ƙarasa sauran. Da yaƙin basasa ya ɓarke, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi masu ƙarfafa zuciya, yana zana abin da ke faruwa a fagen fama. Daga baya ya ƙetare teku ya yi wasa a Turai da Amurka, gaban mutanen da ba su jin ko “sannu” da Hausa. Bai canza kayan kiɗa don ya burge su ba, bai ari muryar kowa ba. Abin da ya kaɗa a tashar mota shi ya kaɗa musu, suka kuma saurara.

Wani abin da ya kamata mu ɗauka a wurinsa shi ne gaskiya. Da ya sami shiga, bai mai da bakinsa na sayarwa ba. Ya yi waƙa a kan tazarar da ke tsakanin mai akwai da mai babu. Ya yi a kan gulma da yadda take rusa gidaje. Ya yi Auren Dole, ya fito fili ya faɗa wa iyaye illar ɗaura wa yarinya wanda ba ta so, a lokacin da ba kowane namiji ke iya furta haka a bainar jama'a ba. Mai sana'a ma haka ya kamata ya zama: mudunsa cikakke, alƙawarinsa tsayayye, bakinsa ba ya rawa in an zo maganar haƙƙi. Haƙuri da aiki daban, yarda da zalunci daban. In an riƙe muku lada ku tambaya, cikin ladabi amma ba da tsoro ba, domin addini kansa ya tsananta a kan haƙƙin ɗan ƙwadago, ya hana a ja masa rai. Ku kuma iyayen gida, masu gareji da masu motoci da 'yan kwangila, ku tuna yaron da kuke hantara yau shi zai riƙe sana'ar gobe.

Kafin Ɗan Maraya ya bar duniya, ƙasa ta ba shi lambar girmamawa, jami'a ta ba shi digirin dakta na girmamawa, malamai suka yi ta nazarin waƙoƙinsa a azuzuwa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, cikin kwanakin farko na watan azumi. Ba zan ruɗe ku in ce kowane mai tura kura zai sami lambar yabo ba. Mafi yawanmu za mu yi aikinmu mu gama ba a buga sunanmu a jarida ba. Amma lambar ba ita ta ba shi daraja ba, ta zo ne ta tarar da ita. Darajar tana nan tun ranar da maraya ya ƙi zama, ya haɗa abin sana'arsa, ya ci halalinsa. Wannan kuwa tana hannun kowannenku. Buhun masarar da ya bar Saminaka ya isa Dawanau a kafaɗarku ya hau mota, a kafaɗarku ya sauka. Benen da ake nunawa da yatsa a Abuja, ku kuka kwaɓa simintinsa. Ku daina aiki kwana uku a gani ko tukunya za ta hau wuta a gidan wani babba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku ɗaure ɗamara. Ku gyara aikinku ya fi na jiya. Ku shiga adashi, ku riƙe ƙungiyoyinku da gaskiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nisanci ƙwayar da ake cewa tana ƙara ƙarfi, ƙarfin aro ne, da lafiya da hankali ake biyan sa. Wanda ya iya, ya koya wa na baya ba tare da ƙyashi ba, kuma in maraya ya zo ƙofar shagonka neman koyo, ka buɗe masa, ba ka san wanda kake reno ba. Ku sa 'ya'yanku makaranta, ku kuma koya musu sana'a, kada su tashi suna jin kunyar abin da ya ciyar da su. In an tambaye ka aikinka, ka faɗa da babbar murya: ni lebura ne, ni direba ne, ni mai wanki ce, ni manomi ne. Mai cin guminsa ba ya sunkuyar da kai gaban kowa.

Allah Ya jiƙan Ɗan Maraya, Ya kyautata makwancinsa. Ku kuma Allah Ya sa albarka a nemanku, Ya kare ku a hanya, Ya ba ku masu gida masu adalci da yara masu amana. A tashi a kama aiki.