SANA'AR DA MATSI BA YA KASHEWA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai azurta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Gesheme da kewaye, iyaye da yawa suna tambaya: wace sana'a za mu ɗora 'ya'yanmu a kanta, wadda ba ta mutuwa idan tattalin arziki ya karye? Amsar tana cikin abin da muka gani da idanunmu.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada, kuma a waɗancan shekaru ma'aikatan gwamnati sun sha yin watanni ba albashi. A 2023 ma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe iyakarmu da Najeriya har zuwa farkon 2024, fatauci zuwa Kebbi ya yi rauni. To, ƙofar wa mutane ba su daina zuwa ba?

Na farko, manomi, musamman mai noman rani a Dallol Mauri inda ruwa yake kusa, mai rake da rogo da dankali, domin ciki ba ya jiran kasuwa ta gyaru. Na biyu, mai gyara: maƙeri, tela da makanike, domin wanda ya kasa sayen sabo, tsohon zai kai gyara. Na uku, ma'aikacin lafiya da ungozoma, domin cuta da haihuwa ba su san matsi ba. Na huɗu, mai haƙar rijiya.

Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya sanya likitanci da noma da saƙa cikin farillan kifaya: idan gari ya rasa mai yin su, laifin yana kan kowa. Annabi Dawuda (AS) sulke yake ƙerawa, yana ci daga aikin hannunsa. Annabi Zakariyya (AS) masassaƙi ne. Saboda haka, wane dalili gare mu na raina ƙira ko jima, har mu hana 'ya'yanmu koyonsu da sunan asali?

Lallai mu haɗa wa yaro abu uku: karatun addini, karatun boko, da sana'ar hannu. Kada mu bar 'ya'ya mata a baya, domin matanmu suna buƙatar mata 'yan'uwansu a ɗakin haihuwa.

Wanda kuwa Allah Ya buɗa masa a lokacin ƙunci, ya ji tsoronSa. Kada ya ɓoye hatsi don ya yi tsada, kada ya tauye mudu, kada ya yi algus a gyara.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu, amin.