ASALI KO HALI: DA WANE MUDU ZA A AUNA MAI NEMAN AURE?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan saurayi ya turo magabatansa neman 'yarka, me za ka fara tambaya a kansa? Ɗan wane ne, ko yaya halinsa yake?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun 'yan Adam. A Ingila, cikin shekarar 1813, Jen Ostin ta fitar da littafinta mai suna Pride and Prejudice, labarin wani magidanci mai 'ya'ya mata 5 waɗanda gidan ubansu zai faɗa hannun wani dangi namiji. Darsi, mai samun fam 10,000 a shekara, ya nemi ɗayarsu, Elizabet, amma yana nema yana raina danginta, ita kuwa ta ƙi shi. Aure bai ɗauru ba sai da ya sauke girman kai, ita ma ta gane ta yi gaggawar yanke masa hukunci. A 1847 Emili Buronte ta kawo labari mafi ɗaci a Wuthering Heights, inda Katarin ta bar Hitkilif, yaron da aka tsinto ba a san asalinsa ba, ta auri mai dukiya, gabar da ta biyo baya kuwa ta ci gidaje biyu har ta kai ga 'ya'yansu. A Kano ma, Ado Ahmad Gidan Dabino ya taɓo wannan ciwo a In Da So Da Ƙauna cikin 1991, da labarin 'yar masu hali da ta so talaka.

Mu mutanen Difa ba sai mun je nesa ba. Barebari, Fulani, Tubawa, Larabawa, Buduma da Hausawa muna cin kasuwa ɗaya, muna bin sahu ɗaya, amma da an zo maganar aure sai a fara ƙirga kakanni, a ce wannan ɗan maƙera ne, wancan ɗan masunta. Sannan ga sabon rabo da fitina ta haifar. Bayan faɗuwar Damasak a Nuwamban 2014, da harin Boso da Difa a Fabrairun 2015, jama'a masu yawa sun tsallako Komadugu ko sun baro ƙauyukansu, wasu suka sauka sansanin Sayam, wasu suka kafa bukkoki a bakin babbar hanya. Tun daga nan aka samu ɗan gari da ɗan gudun hijira.

To, a dubi wannan da idon basira. Manomin da jiya yake cika buhunan tattasai a bakin kogi, ana rububin haɗa zuri'a da shi, shi ne ya wayi gari yana layin karɓar tsaba. Mutumin bai sake ba, gonar ce ta tafi. Ashe darajar da muke aunawa da ita aro ce, dare ɗaya yana iya raba mutum da ita. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Hali kuwa zanen dutse, shi ne ya tsallako ruwa tare da mai shi.

Mazhabar Imamu Malik da muke bi ta ɗora daidaito tsakanin ma'aurata a kan addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure. Manzon Allah (SAW) ya shawarci Fatima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidu, wanda ubansa 'yantaccen bawa ne. Abu Huzaifa kuma ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salimu, wanda shi ma 'yantacce ne.

Wani zai ce, shin uba ya miƙa 'yarsa ga wanda ba shi da abin ciyar da ita? A'a. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji, bincike kuma haƙƙin waliyyi ne. Ko a littafin Ostin, ƙanwar Elizabet da ta bi kyakkyawan soja marar amana ta jawo wa gidansu kunya. Saboda haka a tambayi sana'arsa, a tambayi waɗanda suka yi ciniki da shi, a ji ta bakin yarinyar. Waɗannan duk abubuwa ne da saurayi zai iya amsawa da aikinsa. Amma inda aka haife shi da dalilin da ya raba shi da garinsu, ba shi ya zaɓa ba, kuma hukunta mutum a kan abin da bai zaɓa ba zalunci ne.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya ba 'ya'yanmu abokan zama nagari. Amin.