Juyin Ilmin Kimiyya da Haɗin Halitta

Jama'a, tambayar wannan mako ita ce: in masana kimiyya kullum suna rushe abin da magabatansu suka gina, ina hujjar cewa halitta tana tafiya bisa tsari guda?

Mu duba tarihi. Aristo, masanin Girka, ya raba duniya biyu: sama da dokarta, ƙasa da tata. Batalimusa kuwa ya sa ƙasa a tsakiya. Ibnul Haisam ya rubuta littafi kan shakkunsa game da lissafin Batalimusa, sannan a 1543 Kofanikus ya maida rana tsakiya. A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne ke riƙe wata a falakinsa. Sama da ƙasa suka koma ƙarƙashin doka ɗaya. A 1865 Maxwell ya haɗa lantarki da maganaɗisu, ya gano cewa haske ma daga gare su yake. A 1979 aka ba Abdus Salam da Weinberg da Glashow kyautar Nobel saboda sun haɗa wannan ƙarfi da wani mai rauni da ke cikin ƙwayar zarra.

Amma akwai mai ja. Thomas Kuhn, a littafinsa na 1962, ya ce juyin ilmi sauya tabarau ne, kuma ba lalle sabon ya fi tsohon kusa da gaskiya ba. Maganar tana da nauyi, domin a 1915 Einstein ya sake fasalin ilmin Newton tun daga tushe. Sai dai bai zubar da shi ba, iyakarsa ya nuna. Da lissafin Newton ɗin aka kai mutum duniyar wata a 1969.

Abin lura shi ne, mai bincike ba ya fara awo sai ya amince cewa dokar da ke aiki yau a ɗakin gwajinsa ita ce za ta yi aiki gobe a tauraro mai nisa. Wannan amincewa ta riga gwaji, gwaji ne ke ta ƙarfafa ta. Mai tauhidi yana ganin alamar Mahalicci ɗaya a nan.

To, amma a yi hattara. Kada mutum ya rataya imaninsa ga nazariyyar wani zamani, domin ran da ta faɗi sai ta tafi da shi. Har yau ba a haɗa ƙarfin da Newton ya bayyana da sauran ba. Bayanin ɗan Adam yana sauyawa, tsarin da yake ƙoƙarin bayyanawa yana nan daram.

Allah Shi ne Masani.