Gumin Ɗan Wani

Yau tambaya na ɗauko muku daga nesa, can ƙasar Amurka. Idan doka ta hana yaro cin guminsa, shi kuma ya zagaya ta bayan gida ya ci, shin ɓarawo za mu kira shi?

Ga yadda zancen yake. A can jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasa, musamman ƙwallon kwando da kuma irin tasu ƙwallon da ake rungumewa a ruga ana bangazar juna. Kada ki ɗauka wasan yara ne na bayan aji. Akwai jami'ar da filinta ke cin mutum sama da 100,000. A shekarar 2010 hukumar da ke kula da wasannin, wato NCAA, ta sayar wa gidajen talabijin damar nuna gasar kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. Cikin masu horarwa akwai wanda albashinsa ya haura dala miliyan 10 a shekara. Amma yaran da ke zubar da gumin, shekara da shekaru doka ta ce ba su da albashi ko na sisi, sai karatu kyauta da ɗaki da abinci. Hujjar ita ce wai ɗalibai ne, ba ma'aikata ba.

Wannan hujja ta ci mutane. A 1955 wani ɗalibi mai suna Ray Dennison ya bugu a ka yana buga wa makarantarsa wasa a jihar Kolorado, ya rasu. Matarsa ta nemi diyyar da ake bai wa iyalin wanda ya mutu a bakin aiki, kotun ƙoli ta jihar ta ce ba ta da ita, domin kuwa mijinta ba ma'aikaci ba ne. Allah Sarki! Ke da kike da miji kin san abin da wannan hukunci yake nufi a cikin tukunya.

To da yake kowace makaranta tana son gwanin yaro ya zo gare ta, sai aka koma bayarwa a ɓoye. Attajirai masoya makaranta su cusa wa yaro kuɗi, ko mota, ko su yi wa iyayensa alheri. Jami'ar SMU ta jihar Tekzas har dakatar da ita aka yi daga wasa a 1987 saboda haka.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Reggie Bush na jami'ar USC a Kalifoniya. A 2005 ya ci kambun Heisman na gwarzon shekara. A 2010 hukumar ta ce shi da iyayensa sun karɓi kuɗi da gidan zama daga wasu masu son zama dillalansa. Dole ya mayar da kambun. Makarantar kuma aka hana ta manyan wasannin ƙarshen shekara har shekara 2, aka zaftare mata gurbin karatu kyauta guda 30.

Ni dai ba zan wanke shi tas ba. Ya san dokar ya shiga, kuma alkawari kaya ne. Ga yara 30 da ba su ji ba ba su gani ba sun rasa gurbi, ga 'yan wasan da suka zo bayansa an hana su buga abin da suka yi mafarki. Wannan alhaki ne. Amma jama'a, a auna mana. Yaron da sunansa ya cika fili, makaranta ta sayar da riga mai lambarsa, laifinsa shi ne uwarsa ta kwana a gida mai kyau? Wanda ya rubuta dokar shi ne mai cin ribar dokar, shi ne kuma alƙali. In ana rabon laifi, nasa kason ya fi na yaron nesa ba kusa ba. Kuma wallahi da ɗanki ne, ga kuɗin haya ya taru, ban san ko za ki ce ya mayar ba.

Daga baya abin ya juya. A 2021 kotun ƙolin Amurka, duk alƙalanta 9, ta ba hukumar rashin gaskiya a wata shari'a, a shekarar kuma aka yarda ɗalibi ya yi talla da sunansa da hotonsa ya karɓi kuɗi. A 2025 aka amince makarantu su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, da diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga waɗanda suka buga tun daga 2016. Shi Bush an mayar masa da kambunsa a 2024, bayan shekara 14. Wannan diyya ba ta kai kan 'yan zamaninsa ba, balle matar Dennison.