Shin Akwai Caca Mai Iyaka?

Masu kamfanonin caca suna da wata nasiha da su ke maƙalawa a ƙarshen tallarsu, wai mutum ya yi caca cikin hankali, ya yanka wa kansa iyaka. Magana ce mai daɗin ji, amma ya kamata a auna ta da injin nan da a ke kira kalo-kalo, wanda gwamnatin soja ta hana a Nijeriya a 1977, ga shi kuwa ya dawo ta cikin wayar hannu.

Wani makaniki, Charles Fey, shi ya ƙera irinsa a San Francisco ta Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19. Faya-fayai uku ne masu juyawa. In kowanne yana da alama 20, haɗuwarsu iri 8,000 ce, babbar nasara kuwa ɗaya ce tak a ciki. Na zamani kwamfuta ce ke zaɓen lamba, kuma ba ta tuna faɗuwar da ta wuce, saboda haka mai cewa injin ya kusa amai yaudarar kansa ya ke yi. An riga an saita shi ya mayar da ƙasa da abin da ya haɗiye. In yana mayar da 90 cikin 100, wanda ya juya kuɗinsa sau bakwai bai kai rabi ba abin da zai rage masa, bisa lissafi. To, wane hankali ne zai kayar da lissafin da aka gama tun kafin mutum ya zauna? Iyaka sai dai ta rage saurin hasara.

Larabawan jahiliyya ma suna da tasu cacar mai kyan fuska, watau maisir. Su kan yanka raƙumi, su yi ƙuri'a da kibau 10, bakwai masu rabo, uku ba rabo, kuma sau da yawa matalauta a ke bai wa naman. Alkur'ani bai musa amfanin ba: aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ambace shi, ta ce zunubin ya rinjaye shi. Daga baya ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka umurta a nisance ta, suka kawo dalili: gaba, da ƙiyayya, da shagala daga salla. Ba a ware ƙarama daga babba ba, domin dukiyar da mai nasara ya kwasa ta waɗanda suka faɗi ce, ba ciniki, ba aiki, ba kyauta. Wani a cikinsu kuɗin cefane ya zuba.