Gidan da Uba Ya Bari: A Sayar, A Ba da Haya, Ko A Riƙe?

Akwai wata tambaya da takan taso a gidajenmu na Samaru da Sabon Gari tun ba a kwashe rumfunan zaman makoki ba: yaya za a yi da gidan da marigayi ya bari? Wani ɗa ya ce a sayar a raba kuɗi, wani ya ce a zuba ’yan haya, wani kuma ya rantse ba mai taɓa bulo ɗaya muddin yana da rai. Sau da yawa kowannensu yana da tasa gaskiyar, shi ya sa maganar take da wuya.

Ya kamata mu fara tuna yadda gidajen nan suka samu. Sabon Gari ta kafu ne da isowar jirgin ƙasa Zariya a shekarar 1911. Samaru kuwa ta bunƙasa da tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, sa’an nan da Jami’ar Ahmadu Bello a 1962. Iyayenmu sun zo daga Kudancin Kaduna, da Filato, da Binuwai, da ƙasar Ibo, suka yi aikin reluwe, da masinja, da kuku, da koyarwa, da kasuwanci. Da kuɗin adashi da na sallama daga aiki suka ɗora ɗaki bisa ɗaki. Yau ’ya’yansu sun watsu a Abuja da Legas da Ingila, ga kuma ɗalibai suna neman ɗakin haya ido rufe daga Hayin Dogo har Palladan. Gidan da aka gina domin kwana ya zama abin da dillalai ke zagayawa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana fuska biyu na wannan al’amari. A 1 Sarakuna sura 21, Nabot ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabin kakanninsa, ko da an yi masa tayin wadda ta fi ta, har ya rasa ransa a kai. Wato gado ba kayan kasuwa ba ne kawai, akwai suna da amana a cikinsa. Amma a Luka sura 12, da wani ya roƙi Ubangijinmu ya sa ɗan’uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalin rabon, ya ja kunnen taron a kan haɗama. Mai gaggawar sayarwa yana bukatar ya ji labarin Nabot. Mai riƙe gida ƙam alhali ƙannensa ba su da kuɗin makaranta, shi kuma gargaɗin Yesu ne nasa, gama haɗama takan ɓuya a bayan girmama iyaye.

Koyarwar Ikilisiya ma haka ta tafi. Paparoma Leo na 13, a 1891, ya tabbatar da hakkin uba ya mallaki dukiya ya bar wa ’ya’yansa. Majalisar Vatican ta Biyu, a 1965, ta tuna mana cewa Allah ya yi albarkatun duniya domin kowa, saboda haka abin da mutum ya mallaka ta halal dole ya amfani waɗansu ma. Sayarwa ba zunubi ba ce, riƙewa kuma ba tsarki ba ce. Abin dubawa shi ne wa shawarar za ta rufa wa asiri, wa kuma za ta tona.

Don haka muna ba da shawara iyali su bi tambayoyin nan bi da bi.

Da fari, wa ke kwana a gidan yanzu? In uwa tana da rai, maganar sayarwa ba ta taso ba sai da yardarta, yardar da ba tsoro a ciki. Matar da ta ɗebi ruwa aka kwaɓa simintin gidan ba baƙuwa ba ce a cikinsa. Haka marayu ƙanana, da naƙasasshe, da tsohon ɗan haya da ya shekara talatin yana biya, wanda ya cancanci a ba shi isasshen wa’adi.

Na biyu, akwai bashi a kan marigayi? A biya shi kafin kowa ya miƙa hannu.

Na uku, an ƙirga kowane magaji? A nan ne ’ya’ya mata sukan sha cuta da sunan al’ada. A Littafin Ƙidaya sura 27, ’ya’yan Zelofehad mata biyar sun nemi gadon ubansu, Allah kuwa ya ba su gaskiya. A Afrilun 2014, Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari’ar Ukeje da Ukeje, ta yanke cewa al’adar da ke hana ’ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Mu lura kuma: uban ya rasu a Legas a 1981 bai bar wasiyya ba, hukunci bai fito ba sai bayan shekara fiye da 32. Wane gida ne ya kai darajar shekarun nan na gaba tsakanin jini ɗaya?

Na huɗu, ina takardu? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar mallaka yana bukatar amincewarsa. A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS ce aka kafa a 2015 domin rajistar filaye. In ba wasiyya, sai a nemi takardar izinin kula da gado daga Babbar Kotu. Babban wa da ya sayar a ɓoye ya cuci ƙannensa, ya kuma jefa mai saye cikin rigima.

Akwai kuma iyalan da tsoro ne ke tura su sayarwa. Wanda ya ga abin da ya faru a Zariya a Maris 1987, ko bayan zaɓen 2011, ba za mu zarge shi ba in ya ce zai tattara ya koma gida. Amma mu tuna cewa bayan gudun 1966 da yaƙin da ya ƙare a 1970, Ibo da yawa sun dawo garuruwan Arewa suka tarar maƙwabta sun riƙe musu gidajensu da amana. Kada a yanke shawarar shekara hamsin a cikin firgicin mako ɗaya. Dillali ya san farashin tsoro.

In an ba da haya, a naɗa mutum ɗaya ya riƙa karɓa, ya rubuta shiga da fita, ya nuna wa kowa a ƙarshen shekara, a kuma ware na gyaran rufi. In ɗaya yana so ya zauna, ya biya sauran rabonsu a hankali bisa yarjejeniya a rubuce. Abin da ya fi muni shi ne a kulle gida saboda fushi, gara ta ci azara, alhali mutane suna neman wurin sa haƙarƙari.

Ku iyaye da kuke da sauran numfashi, tun ran gini tun ran zane. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa. Ku tara ’ya’yanku maza da mata, ku faɗi nufinku a gaban shaidu. Ku magada kuwa, in magana ta yi zafi, ku kira dattawan Ikilisiya da Fada kafin ku kira lauya, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya ba iyayenmu da suka riga mu hutawa ta har abada, mu kuma ya ba mu hikimar riƙon abin da suka bari. Amin.