Shin Muni Laifi Ne?

A Bagadaza, kamar sauran unguwannin Gombe, idan mujiya ta sauka a kan rufin gida da daddare, jifa ce take fara samunta. Ba ta ci kazar kowa ba. Abin da ake tuhumarta da shi shi ne faffaɗar fuska, da manyan idanu, da kuka mai tayar da tsikar jiki. Tambayar da ta kamata iyalan Kirista su zauna a kanta ita ce: kamannin halitta sun isa su zama hujjar yanke mata hukunci?

Fuskar nan da ake tsoro kayan aiki ce. Faɗinta ne ke tattara sauti zuwa kunnuwanta, har ta kama ɓera cikin duhu. Mujiya ɗaya tana cin ɗaruruwan ɓeraye a shekara, wato mai jifarta yana korar mai gadin rumbunsa ne.

A ƙarƙashin teku akwai misalin da ya fi wannan. A shekara ta 2013 wata ƙungiya a Ingila ta shirya zaɓen dabba mafi muni a duniya, wani kifi na tekun Ostareliya ya zo na ɗaya, aka yi ta yi wa hotonsa dariya domin ya yi kama da tuwon da ya sake. Amma kifin yana zama ne a zurfin mita 600 zuwa 1,200, inda nauyin ruwa ke riƙe masa jiki, kuma a can siffarsa ta kifi ce sosai. Janyo shi sama da aka yi ne ya ɓata shi. Ashe hannun da ya ciro shi daga mazauninsa shi ne ya ƙera munin da ake yi wa dariya.

Baƙuwar siffa tana jawo wata masifa dabam. Mutum yakan ɗauka cewa duk abin da bai saba gani ba yana ɗauke da asiri, sai ya farauce shi domin magani. Ayu, wanda ke zaune a Kogin Binuwai, dabba ce mai shayarwa, mai cin ciyawar ruwa, danginta na kusa a tudu kuwa giwa ce. Ba ta da faɗa, amma neman namanta da manta ya sa ta ƙaranta. Ɗan kunya, mai sulken ɓawo, wanda ke dunƙulewa idan ya tsorata, ya fi ta shan wuya. A watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo sun kama ɓawonsa kimanin tan 25 a kaya biyu da suka taso daga Nijeriya, alhali tun 2017 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ɓawon kuwa sinadarinsa ɗaya ne da na farcen ɗan Adam.

Masu kare waɗannan dabbobi sukan kafa hujja da amfaninsu, kuma hujjar tana da ƙarfi. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayen ƙasar, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai dai hujjar amfani tana da rami. Idan amfani ne kaɗai ke ba halitta izinin rayuwa, to wadda ba a gano amfaninta ba ta shiga uku. Yaron da ya tashi da wannan ma'auni kuma ba zai tsaya a kan dabbobi ba. Wata rana zai auna zabiya da shi, ko gurgu, ko tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare.

Littafin Ayuba ya bi wata hanya. Daga sura 38 zuwa 41, Ubangiji bai kawo wa Ayuba tunkiya ko saniya ba. Ya nuna masa jakin jeji, da jimina mai barin ƙwanta a ƙasa, da manyan dabbobin ruwa waɗanda ba mai iya sa musu linzami. Ba ɗaya cikinsu da ke yi wa mutum noma, duk da haka Mahaliccinsu yana maganarsu da jin daɗi. Darajarsu daga wurinsa take, tun kafin idon mutum ya sauka a kansu.

Wannan bai warware kowace matsala ba. Manomin Dadin Kowa wanda dorina ta fito daga dam ta tattake masa shinkafa cikin dare ɗaya yana da ƙara ta gaskiya, kuma ba wa'azi ne zai ciyar da 'ya'yansa ba. Dorina tana kisa. Tsare gona da rai haƙƙi ne, hukuma kuma tana da alhakin taimaka masa. Amma ƙarar manomin a kan ɓarna take, ana iya zagaya gonar a ƙidaya asarar. Mujiyar Bagadaza har yanzu ba wanda ya kawo shaida a kanta.